Cakin da banki ya maido da batun karayar arziki: amsa ga wani ɗan kasuwa a Daura

Wani dattijo mai sayar da siminti da kwanon rufi a Daura ya aiko da tambaya. Ya ɗauko kaya a wurin dilansa na Kano, ya ba shi cakin naira miliyan bakwai da rabi wanda ya rubuta wa kwanan wata na gaba, yana sa ran wani ɗan kwangila da ya kwashi kaya a shagonsa zai biya shi kafin ranar. Ɗan kwangilar bai biya ba, dila ya kai caki, banki ya maido shi saboda babu isassun kuɗi a asusu. Yanzu dila na cewa zai kai shi EFCC. Akwai wasu cakuna biyu a hannun wasu mutane da ranarsu ta kusa, ga kuma bashin banki. Ɗansa ya ce masa ya je kotu a ayyana shi a matsayin wanda ya karye, kamar yadda ake yi a Amurka, wai bashin zai faɗi. Yana tambaya: ana ɗaure mutum a kan caki? Kuma shawarar yaron mafita ce?

Alhaji, Allah ya yaye maka, ya kawo mafita ta alheri. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka kada kunya ta hana ka motsawa a cikin kwanakin nan. Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne al'amura biyu ne a gabanka, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Bashin da ake bin ka magana ce ta dukiya, iyakarta a karɓi abin da ka mallaka. Cakin da ya dawo kuwa laifi ne a dokar ƙasa, yana iya kai mutum gidan yari, kuma babu wata kotun karayar arziki da za ta wanke shi. Shi za ka fara kashewa.

Dokar da ta yi magana a kai tun 1977 take, zamanin mulkin soja, kuma tana aiki har yau a duk faɗin Najeriya. Ta ce duk wanda ya karɓi kaya ko ya sami bashi ta hanyar caki, aka kai cakin banki cikin wata uku daga ranar da ke rubuce a kansa, banki ya ƙi biya don babu kuɗi ko kuɗin ba su isa ba, to ya aikata laifi. Hukuncin mutum shekara biyu ne a gidan yari, babu zaɓin tara. Wannan gaɓar ita ce mutane ba su sani ba: idan laifi ya tabbata, dokar ba ta ba alƙali damar cewa ka biya tara ka tafi gida ba. Babbar Kotun Jiha ce ke sauraron irin wannan shari'a. A 2007 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɗaurin shekara biyu a shari'ar wata mai suna Abeke, wadda aka yi a kan cakin 'yan dubban nairori. Ƙanƙantar kuɗi ba ta ceci mai cakin ba.

Na sha jin 'yan kasuwa suna cewa, ai ni ba da caki na karɓi kaya ba, kayan sun daɗe da shiga shagona, daga baya ne na rubuta masa don hankalinsa ya kwanta. Masu dokar sun hango wannan. Ta ce idan an bayar da cakin don biyan wani haƙƙi da ke cikin yarjejeniya tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, ana ɗaukar sa tamkar da cakin aka sami bashin, ko da ba a ambaci caki ba lokacin da aka ƙulla cinikin. Wannan ne ya sa al'adar da ta yaɗu a kasuwanninmu, daga Kantin Kwari da Singa har Babbar Kasuwar Katsina, take tayar mini da hankali. Mutum ya rubuta caki mai kwanan wata na gaba yana kallon sa a matsayin takardar alkawari, wani ma har ya sa hannu a farar takardar caki ya miƙa a matsayin jingina. Caki umarni ne ga banki cewa ya biya. Ranar da ka sa masa hannu ka mayar da bashin da iyakarsa kotun farar hula ya zama abin da ɗan sanda ke da hurumin shiga.

Abubuwa biyu za ka duba a jikin cakin yau ɗin nan. Na farko, ranar da dila ya kai shi. Idan ya wuce wata uku daga ranar da ke rubuce, laifin da wannan doka ta tanada bai cika ba, ko da yake bashin na nan daram. Na biyu, dalilin da banki ya rubuta na maido shi. Cakin da aka maido don sa hannu bai yi daidai ba, ko don adadin da aka rubuta da kalmomi ya saɓa da na lambobi, bai shiga wannan laifi ba. Rashin kuɗi a asusu ne kaɗai dokar ta kama. Daga bayaninka, naka ya faɗa ciki.

Akwai kariya guda da dokar ta bari. Idan wanda ake tuhuma ya gamsar da kotu cewa lokacin da ya bayar da cakin yana da ƙwaƙƙwaran dalilin yarda cewa za a biya shi, kuma da gaske ya yarda da hakan, to ba shi da laifi. Nauyin kawo hujja a wuyanka yake, ba a wuyan mai gabatar da ƙara ba. Fata kawai ba ta isa. Cewa "ina sa ran Allah zai kawo" gaskiya ce a zuciyar mumini, amma alƙali takarda zai nema: rasidin kayan da ɗan kwangila ya kwasa, saƙonnin wayar da ya sa maka ranar biya, takardar shaidar kammala aikin da aka ba shi, bayanin asusunka da ke nuna irin waɗannan kuɗi sun saba shigowa. Idan kana da su, ka tattara su yanzu, ka ɗauki hotonsu, kada ka goge saƙo ko ɗaya. A ganina kana da abin faɗa a gaban kotu, tun da ba da niyyar cuta ka yi ba. Sai dai ƙofa ce ƙunƙuntacciya, kuma ba zan so dattijo kamarka ya jingina 'yancinsa a kanta ba alhali akwai hanyar da za a hana maganar zuwa kotu tun farko.

Idan da sunan kamfani mai rajista aka rubuta cakin, kamfanin tara zai biya, amma darakta ko manajan da aka yi abin da saninsa ko da sakacinsa shi ma ana tuhumar sa a karan kansa. Idan kuma masu bincike suka ga alamar tun farko an shirya yaudara ce, suna iya ƙara tuhumar damfara a ƙarƙashin dokar 2006, wadda hukuncinta ke farawa daga shekara bakwai. Abin da ke jawo wannan zargi galibi shi ne halin mutum bayan cakin ya dawo: kashe waya, rufe shago, sulalewa zuwa Maigatari ko tsallaka iyaka ta Kongolam a ce an yi tafiya. Mai gudu yana rubuta wa kansa takardar tuhuma da hannunsa.

A wajen banki ma akwai sakamako. Za su cire maka cajin cakin da ya dawo, wanda jadawalin Babban Bankin Najeriya ya sa kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin ko naira dubu biyar, duk wanda ya fi yawa. A naka naira dubu saba'in da biyar ke nan. Wannan mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne umarnin da Babban Bankin ya bayar a 2015 game da masu maimaita bayar da caki maras kuɗi: wanda ya yi sau uku, a karɓe littattafan cakinsa, a hana shi amfani da caki shekara biyar, a hana shi bashi a kowane banki shekara biyar, a kai sunansa ga kamfanonin da ke adana tarihin masu cin bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Tun da aka kawo BVN a 2014, sauya banki ba ya ɓoye kowa.

To lissafa da kanka, Alhaji. Ɗaya ya dawo, biyu na hanya. Cakunan nan biyu su ne suka fi komai gaggawa a cikin al'amarinka, har sun fi barazanar dila, domin shi nasa ya riga ya faru, waɗannan kuwa ana iya tare su. Ka je wurin masu su da ƙafarka kafin ranar ta zo. Ka faɗa musu gaskiya cewa asusun ba kuɗi, ka ba su abin da ya samu a hannu, ku rubuta sabuwar yarjejeniya a kan ragowar, ka karɓo takardun cakinka. Kada ka maye gurbinsu da wani cakin mai sabuwar rana, don tura matsalar gaba ne kawai tare da ƙara mata nauyi. Kuma kada ka je banki a ɓoye ka ce a tsayar da biya ba tare da sanin masu su ba, wannan zai zama hujjar mugun nufi a kanka.

Shi kuma dila, ban da ƙorafi ga hukuma, yana iya shigar da ƙarar neman kuɗinsa. Caki hujja ce mai ƙarfi, kuma Babbar Kotu tana da gajeriyar hanya ta bashin da adadinsa sananne ne: idan wanda ake ƙara bai nuna wata kariya ta gaske a rubuce ba, sai a yanke hukunci ba tare da doguwar shari'a ba. Bayan hukunci ana iya umartar bankuna su miƙa abin da ke asusunka, ko ma'aikatan kotu su kwashe kaya da mota a yi gwanjonsu, in ba su isa ba a juya kan gida da fili. Kayan gwanjo kuwa ba sa yin daraja. Bankin da ke bin ka shi ma tun Agustan 2020 yana da damar janyo kuɗi daga asusunka na wasu bankuna idan ka sa hannu a kan wannan izini lokacin karɓar bashin, kuma yawancin takardun bashi na yanzu suna ɗauke da shi.

Yanzu batun shawarar ɗanka. Yaron bai yi ƙarya ba, abin da ya karanta gaskiya ne a inda ya karanta shi. A Amurka mutum na iya zuwa kotu a ƙarƙashin babi na 7 na dokarsu ta karayar arziki, a sayar da abin da doka ta yarda a sayar, a yafe masa mafi yawan ragowar bashin cikin 'yan watanni, ko a ƙarƙashin babi na 13 a tsara masa biya na shekara uku zuwa biyar. Ko a can ɗin tabon babi na 7 na zama a tarihin bashin mutum har shekara goma, kuma ba ya hana a hukunta shi idan ya aikata laifi. Tsarinsu ne, an gina shi a kan rayuwar da kusan komai da katin bashi ake saye.

Tamu dokar ta 1979 ce, kuma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin ayyana mutum a matsayin wanda ya karye. Akwai reshenta a Katsina. Mai bin bashi na iya shigar da buƙatar, wanda ake bi ma na iya shigarwa da kansa. Tsufan dokar ya fito fili a adadin da ta gindaya: bashin naira dubu biyu ya isa mai bin bashi ya nemi a karya mutum, muddin sauran sharuɗɗa sun cika, misali ya riga ya sami hukuncin kotu, an ba wanda ake bi sanarwa, kwana goma sha huɗu sun wuce bai biya ba. Ba a cika amfani da ita ba, lauyoyi da yawa sun tsufa a aiki ba su taɓa gudanar da irin wannan shari'a ba, kuma tafiyarta a hankali take.

Ga abin da ke faruwa idan an shiga. Kotu za ta ɗora wani jami'i a kan dukiyarka, ikon sayarwa da bayarwa ya fita daga hannunka. Za ka rubuta duk abin da ka mallaka da duk wanda ke bin ka bisa rantsuwa. Za a yi maka tambayoyi a bainar jama'a, masu bin ka na zaune suna da damar tambayar ina kuɗin kaza suka shiga. Za a buga sanarwa. Abin da za a bar maka shi ne kayan sana'a da tufafi da shimfiɗar iyali gwargwadon larura, sai dukiyar amana da ke hannunka wadda dama ba taka ba ce. Muddin kotu ba ta sallame ka ba, ba ka zama daraktan kamfani, cin sabon bashi ba tare da bayyana matsayinka ba laifi ne, kuma Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana ka takarar majalisar jiha, ta tarayya, gwamna ko shugaban ƙasa. Bankin da ke riƙe da takardar gidanka a matsayin jingina zai ci gaba da haƙƙinsa na sayarwa. Wanda ya tsaya maka lokacin cin bashin, ko ƙaninka ne ko amininka, za a koma kansa. Bashin da aka ci ta hanyar zamba ba ya faɗuwa ko bayan sallama. Tuhumar caki kuma tana nan inda take.

Sannan akwai abin da doka ba ta rubuta ba amma kai ka fi ni sanin sa. Kasuwancin siminti da kwano a Daura a kan yarda yake tafiya. Dila na sakin tirela guda a kan kiran waya saboda sunan da ka gina shekara da shekaru. Wanda jarinsa ya karye amma ya zauna da mutane ya biya abin da zai iya, kasuwa na sake ɗaga shi, mun ga haka ba sau ɗaya ba. Wanda ya kai kansa kotu don ya kuɓuce wa masu bin sa, da wuya a sake ba shi ko buhu goma. Ban ce hanyar kotun ba ta da amfani sam ba. Tana da shi ga wanda bashinsa ya ninka dukiyarsa nesa ba kusa ba, masu bin sa sun yi yawa, kowa na neman wawure abin da ya samu. Kai kuwa kana da shago, kana da kaya, kana bin wani kuɗi masu kauri. Kuɗin hannu ne suka yanke maka, ba ka kai ga karyewa ba.

Wata shawara da na san za a kawo maka, in ma ba a riga an kawo ba, ita ce ka mayar da gida da fili da sunan Hajiya ko na yara kafin a zo. Kada ka yi. Kotu na da ikon warware kyautar da aka yi don guje wa masu bin bashi, haka ma fifita wani mai bin bashi a ɓoye gab da karyewa. Abin da dama na Hajiya ne, gadonta ko sadakinta ko ribar sana'arta, nata ne, ba mai taɓa shi sai in ta sa hannu a matsayin mai tsaya maka. Cusa dukiyarka cikin tata shi zai jefa tata cikin tuhuma.

Shari'ar Musulunci ta riga ta shimfiɗa wannan babi tun da daɗewa, kuma a nan ne nake ganin mafitarka ta fi kusa, tun da kai da masu bin ka duk Musulmi ne. Malaman Malikiyya suna kiran sa taflisi: idan bashi ya kewaye dukiyar mutum, alƙali na hana shi tasarrufi da ita, a sayar, a raba wa masu bin sa gwargwadon kason kowa. A Risala, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibn Abi Zaid, an ce bashin da aka sa wa ajali yana zama na nan take idan mutum ya karye ko ya rasu, kuma wanda ya tarar da ainihin kayansa a hannun wanda ya karye yana da zaɓin ya ɗauki abinsa ko ya shiga rabo. An kuma ce ana tsare wanda ake bi don a binciki halinsa, amma ba a tsare wanda ya tabbata ba shi da komai. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, ta kuma ce yafewa ta fi alheri. A ɗaya gefen, Manzon Allah (SAW) ya ce jan ƙafar mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Bambanci babba da tsarin da ɗanka ya karanta shi ne ragowar bashin ba ya faɗuwa don an raba dukiya. Yana nan a wuyan mutum har ya samu ya biya ko a yafe masa, in ya rasu kuma a fitar da shi kafin a raba gado.

Saboda haka ga yadda zan bi da shi in ni ne. Ka zauna da ɗanka da littafin shago ku rubuta komai: wa ke bin ka, nawa, wa kake bi, me ke cikin sito, me za a iya sayarwa. Ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu da dila ke jin nauyinsu, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwarku ko wani malami, ku tafi Kano, kada ka aika. Ka je da wani abu a hannu, ko miliyan biyu ce, domin magana da kuɗi a gaba daban take da magana da hannu wofi. Idan akwai kwanonsa ko simintinsa da ba a sayar ba, ka yi tayin mayar masa. Ragowar a raba shi wata-wata a kan adadin da ka tabbata za ka iya ko kasuwa ta yi sanyi, kada kunyar idonsa ta sa ka ɗauki abin da zai sake karya alkawari. A rubuta, shaidu su sa hannu, lauya ya duba, a kuma sa a ciki cewa zai maido maka da cakin kuma ba zai kai ƙorafi ba muddin kana biya. Ka sani biyan kuɗi ba ya goge laifin a idon doka kai tsaye, hukuma ce ke da ikon ci gaba ko janyewa. Amma a aikace, dilan da ke karɓar kuɗinsa ba ya zarya zuwa kotu ba da shaida, kuma sulhu kafin a kai ƙorafi ya fi sulhu bayan an buɗe fayil sauƙi ƙwarai.

Fili ko motar da za ta tafi, gara ka sayar da kanka a farashin kasuwa da a yi gwanjonta. Ka guji masu ba da bashi da ruwa na wata-wata da manhajojin bashi na waya. Banki kuma ka rubuta musu takarda ka nemi a sake tsara biyan, sun fi son haka da rigimar sayar da gida. Idan 'yan'uwa masu hali suka kawo zakka, ka karɓa ba tare da jin ƙasƙanci ba, wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata. Ɗan kwangilar nan kuma lokacin lallashi ya wuce. Lauya ya rubuta masa takardar neman biya mai wa'adi, in ya ƙi a shigar da ƙara. Takardar za ta yi maka aiki biyu, ta matsa masa, ta kuma zama shaida cewa da gaske kana jiran kuɗi lokacin da ka rubuta cakin.

Idan duk da haka takardar gayyata ta zo daga 'yan sanda ko EFCC, ka amsa ta a ranar da aka sa, tare da lauya da wanda zai tsaya maka beli. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi zalla, ta kuma hana kama ɗa ko mata a madadin wanda ake nema, kuma kotuna sun sha faɗa cewa hukumomin tsaro ba masu karɓar bashi ba ne. Sai dai caki maras kuɗi laifi ne, don haka suna da hurumin bincike a kansa. Kana da damar ƙin rubuta bayani sai lauyanka na wurin. Abin da aka rubuta da Turanci a karanta maka shi da Hausa kafin ka sa hannu. In aka matsa maka ka rubuta alkawarin biyan kuɗin duka cikin mako guda, ko ka ba da sabon caki don a sake ka, ka ce sai ka yi shawara da lauyanka, ko da hakan zai sa ka ƙara wasu sa'o'i a ofishin.